Idan Wayarka Ce Makullin Motarka, Kada Ka Bar Ta Ciki Ka Tafi Motsa Jiki

Da yawa daga cikin masu fita gudu da sassafe a Panshekara, Sheka ko Na'ibawa ɗabi'arsu ɗaya ce: a ajiye mota a gefen fili, a tura waya ƙarƙashin kujera, a kama hanya. Ba sai an tambayi dalili ba, masu ƙwacen waya sun koya wa Kanawa hankali. Dabarar tana aiki matuƙar wayar waya ce kawai. Ranar da ta zama makullin mota kuwa, lissafi ya sauya.

Tun 2017 Tesla ta fito da Model 3, wadda waya ce babban makullinta. A 2020 Apple ya haɗa kai da BMW ya saka makullin mota cikin iPhone, daga baya Samsung da Google suka bi sahu, kuma wasu motocin Hyundai da Kia ma suna da shi. Irin waɗannan motoci ba su yi yawa a titunan Kano ba tukuna, amma abin da ke sabo a Turai yau shi ne ɗan Kwatano na gobe.

Ga inda gizo ke saƙar. Tesla da Bluetooth take gane wayarka, kuma tana kulle kanta ne idan ta ji wayar ta yi nisa. To idan wayar na kwance a ciki, a wajen motar kana nan ba ka je ko'ina ba. Duk wanda ya ja ƙofa za ta buɗe, ya taka burki ya sa giya ya tafi, da motar da wayar gaba ɗaya. Littafin jagorar Tesla da kansa ya yi wannan gargaɗi.

Masu amfani da NFC sun ɗan fi sauƙi, domin sai an kanga wayar a jikin hannun ƙofa. Sai dai a iPhone akwai Express Mode, wanda ke kunne tun farko, ba ya neman fuska ko lambar sirri. Wanda ya fasa gilashi ya ɗora wayar a mazauninta, zai iya tayar da mota.

Mafi sauƙi shi ne ka ɗaura wayar a damtse, ko ka saka makullin a agogon Apple Watch idan motarka ta yarda. Idan dole ka bar ta, kashe ta gaba ɗaya, ka kulle da katin motar, wanda bai wuce girman katin ATM ba. Kashe Bluetooth ma ya isa a Tesla, amma daga cikin Settings, domin maɓallin da ake janyowa daga saman allon iPhone ba ya kashe shi duka. Kunna PIN to Drive kuma, yadda motar ba za ta motsa ba sai da lamba huɗu.

Sai zancen zafi, musamman ga mai zuwa duba gonar rani a Kura ko Bunkure ya bar mota a rana tun hantsi. Apple ya ce kada a ajiye iPhone a inda zafi ya haura digiri 45. A watan Afrilu iskar Kano kaɗai kan kai 40, balle cikin motar da aka rufe gilasanta ruf.