Matsayin hoton IRM wajen gane cutar Devic

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wata cuta da ba a cika samu ba, wadda likita Eugène Devic ya bayyana a birnin Lyon na Faransa a 1894. Garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa jijiyar gani da laka, sai maras lafiya ya makance ko ƙafafunsa su shanye cikin ƴan kwanaki. An daɗe ana ɗaukar ta wani reshe na cutar tabon jijiyoyi, wadda Faransawa ke kira sclérose en plaques. A 2004 ne masu bincike na asibitin Mayo a Amurka suka gano wani sinadarin garkuwa a jinin masu cutar, wanda ya raba ta da waccan.

2. Abin da hoto ke nunawa

Radiyo da sikana ƙashi suka fi nunawa. Laka kuwa sai hoton maganaɗisu, wato IRM. Abu uku muke dubawa. Na farko, tsawon raunin: a cutar Devic yakan kai gaɓa 3 na ƙashin baya ko fiye, a tsakiyar laka, alhali a cutar tabon jijiyoyi gajere ne kuma a gefe. Na biyu, kumburi mai tsawo a jijiyar gani, wani lokaci ta ido biyu. Na uku, tabo a gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke haddasa shaƙuwa da amai marasa tsayawa.

3. Iyakar hoto

Dogon rauni shi kaɗai bai isa hujja ba. A ƙasashenmu tarin fuka da tsargiya su ma suna kama laka, tsargiya galibi ta can ƙasa. Saboda haka ƙa'idojin duniya na 2015 suka haɗa hoto da alamun cuta da awon jini.

4. Kammalawa

Kuskure a nan yana da tsada. Wasu magungunan cutar tabon jijiyoyi, kamar interferon beta, suna iya tsananta cutar Devic, kuma kowane tashinta yakan bar naƙasa. Haka nan danne garkuwar mai tarin fuka ba tare da maganinsa ba hatsari ne. Ke nan ya kamata mu karanta hoto tare da tarihin maras lafiya, kafin a rubuta magani.