Ma'anar "Sabo" a Dokar Ƙirƙira: Misalin Na'urar Kashe Ƙara



Gabatarwa

Mai yiwuwa wani ya tambaya, me ya haɗa malamin Hausa da zancen injiniyoyi da lauyoyi? Amsar ita ce, kalma guda ce ta jawo ni, watau kalmar "sabo". A maganarmu ta yau da kullum mutum kan sayi kwancen riga a kasuwa, ya ce ya yi sabuwar riga, ba kuwa wanda zai ƙaryata shi, domin a wurinsa sabuwa ce. To, akwai wani fage inda ba a yarda da irin wannan sassauci ba, shi ne fagen dokar da ke kare haƙƙin masu ƙirƙira. Manufar wannan lacca ita ce a nuna abin da wannan doka take nufi da "sabo". Zan yi amfani da misali guda, watau tarihin na'urar nan da ake sawa a kunne ta kashe ƙara.

Takardar Haƙƙin Ƙirƙira

Takardar haƙƙin ƙirƙira wani irin ciniki ne tsakanin hukuma da mai basira. Shi zai bayyana wa duniya sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla a rubuce, ita kuma hukuma ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izninsa ba, har wani wa'adi. Dokar Ingila ta 1624 ta yanka shekara 14. A yau galibin ƙasashe shekara 20 suke bayarwa daga ranar da aka shigar da takardar nema. In wa'adi ya cika, abin ya zama na kowa.

Tun da yake ciniki ne, tilas mai nema ya zo da abin da jama'a ba su da shi. Saboda haka ake auna abin da ya kawo da dukkan ilmin da ya riga ya fita fili a wannan fanni, wanda a nan za mu kira "ilmin da ya gabata". Yarjejeniyar ƙasashen Turai da aka sa wa hannu a Munich a 1973 ta fayyace cewa wannan ilmi ya ƙunshi duk abin da ya isa ga jama'a kafin ranar nema, ko a rubuce, ko da baki, ko ta hanyar amfani da shi. Ba a tambayar ko mai nema ya san da shi. Ko da bai taɓa jin labarinsa ba, ko da cikin harshen da ba ya ji aka rubuta shi, muddin dai yana inda mai bincike zai iya samunsa, to, ya riga shi.

Yadda Ake Kashe Ƙara da Ƙara

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu fahimci yadda abin yake aiki. Sauti motsi ne na iska: tana matsewa tana sakewa, tana tafiya kamar igiyar ruwa mai tudu da kwari, da saurin kimanin mita 340 a daƙiƙa. In aka samar da wata igiyar mai ƙarfi daidai da ta farko, amma kwarinta ya faɗa kan tudun waccan, tudunta kuma ya cike kwarin waccan, sai su shafe juna, kunne ya ji shiru. Abin da ake bukata shi ne makirufo da zai ɗauki ƙarar, da na'urar da za ta juya ta, da lasifikar da za ta fitar da kishiyarta.

Faɗar wannan da sauƙi, aikata shi ne da wuya, kuma wuyar tana ga lokaci. Sauti yakan ƙetare tazarar santimita 1 cikin kimanin kashi 3 cikin 100,000 na daƙiƙa. In kishiyar ta makara, tudu yana iya hawa kan tudu, ƙarar ta ƙaru maimakon ta ragu. Wannan ne dalilin da ya sa ruri mai kauri, irin na injin jirgin sama, ya fi sauƙin kashewa: igiyar da ke kaɗawa sau 100 a daƙiƙa tsawonta ya kai mita 3.4, ƙaramin kuskure ba ya ɓata lissafi; amma mai kaɗawa sau 5,000 ba ta kai santimita 7 ba.

Wanda Ya Riga Kowa

Jama'a da yawa sun ɗauka kamfanin Bose na Amurka ne ya ƙago wannan dabara. Gaskiya ne cewa Amar Bose, wanda a lokacin malami ne a babbar cibiyar fasaha ta MIT, ya soma lissafin abin a 1978 cikin jirgin sama daga Turai zuwa Amurka, sa'ad da rurin inji ya hana shi jin daɗin kiɗan da yake saurare. A 1986 Dick Rutan da Jeana Yeager suka sa samfurin gwaji na kamfaninsa a kunne, lokacin da suka kewaye duniya cikin kwana 9 a jirgin Voyager ba tare da sauka ba. A 1989 aka fara sayar wa matuƙa jirage, a shekarar 2000 kuma aka fito da irin na fasinjoji.

Amma masu iya magana kan ce, wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. Tun a 1933 wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya nemi takardar haƙƙi a ƙasarsu kan wannan tunani, a 1936 kuma Amurka ta ba shi takarda mai lamba 2,043,416. A ciki ya zana bututu da sauti ke bi, da makirufo a gaba, da lasifika can baya tana fitar da kishiyar sautin. Kayan lantarki na zamaninsa ba su da saurin da aikin ke bukata, don haka dabarar ba ta kai kasuwa ba. A wancan lokaci wa'adin takarda a Amurka shekara 17 ne daga ranar bayarwa, ke nan nasa ba zai wuce 1953 ba. A wannan shekarar ce kuma Harry Olson da Everett May na kamfanin RCA suka buga bayanin tasu na'urar ta rage ƙara kusa da kan mai sauraro, a mujallar ƙungiyar masana sauti ta Amurka.

A lura da abu guda a nan. Haƙƙin Lueg ya ƙare, amma rubutunsa yana nan daram cikin ilmin da ya gabata. Tun daga ranar da aka buga shi, babu wani mahaluki da zai sake mallakar ainihin tunanin kashe ƙara da kishiyarta, komai dukiyar da ya kashe wajen bincike.

To, Me Ya Rage wa Na Baya?

Abin da ya rage shi ne gyara da ƙari, kuma a nan ne ake yin awo na tsanaki. Kowace takardar nema tana ƙarewa da jerin da'awa, inda mai nema ke zayyana sassan abin da yake cewa nasa ne, kamar yadda ake kafa iyakar gona. Mai duba takardu a ofishin haƙƙi zai yi tambaya biyu. Ta farko: shin akwai wani rubutu guda ɗaya na da, wanda ya ƙunshi dukkan waɗannan sassa? In akwai, abin ba sabo ba ne, magana ta ƙare. In kuwa akwai sashe ko da ɗaya da babu shi a can, sai a tafi tambaya ta biyu: shin ma'aikaci mai matsakaicin sani a wannan fanni, in ya haɗa rubuce-rubucen da ke gabansa, zai iya kaiwa ga wannan ƙarin ba tare da wata basira ta musamman ba? In zai iya, nan ma ba za a bayar ba.

Alal misali, wanda ya ce ya ƙago haɗa makirufo da lasifika don soke ƙara, Lueg ya riga shi. Amma wanda ya gano wata takamaimiyar hanya ta rage makarar da na ambata, ko ta hana na'urar yin kuka in sautin lasifika ya koma cikin makirufo, yana iya samun haƙƙi a kan wannan hanyar kaɗai. Da kamfanin Bose ya kai ƙarar kamfanin Beats a 2014, kan takardu 5 ya kafa hujja, masu magana kan irin waɗannan gyare-gyare, cikinsu har da rage jinkiri wajen sarrafa sauti. Sun sasanta a wannan shekarar, kafin kotu ta yanke hukunci.

Abin da Ya Shafe Mu a Jami'a

Dokar Nijeriya ta 1970 kan haƙƙin ƙirƙira da zane ita ma ta ɗauki wannan ma'auni mai faɗi: duk abin da ya isa ga jama'a a ko'ina, a kowane lokaci, a rubuce ko da baki. Bugu da ƙari, mai rajista a nan ba ya binciken ko abin sabo ne. Yakan duba cikar takardu ne, ya bayar ba tare da lamunin inganci ba. Ashe ke nan mutum yana iya riƙe takarda shekara da shekaru, ran da aka je kotu wani ya zaro tsohon rubutu ya rushe ta.

Kada kuma mu raina abin da ke cikin ɗakunan karatunmu. A 1986 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta tabbatar da hana wani mai nema haƙƙi, saboda kundin digiri na uku guda ɗaya da aka ajiye, aka kuma sa cikin jerin littattafai, a laburaren Jami'ar Freiburg ta Jamus. Daɗin daɗawa, mutum yana iya zama magabacin kansa. Malamin da ya bayyana abin da ya ƙago a taro irin wannan kafin ya shigar da takardar nema, ya zuba shi cikin ilmin da ya gabata da bakinsa. Amurka tana ɗaga wa irin wannan ƙafa na shekara 1, amma dokar Turai ba ta yin haka, sai a wasu 'yan wurare ƙalilan.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa "sabo" a wurin doka ana auna shi ne da abin da duniya ta riga ta sani, ko mai ƙirƙira ya sani ko bai sani ba. Shawarata ga 'yan'uwa masu bincike guda biyu ce. Ta farko, a karanta takardun haƙƙi na da kafin a soma aiki. Yawancinsu suna nan kyauta a intanet, waɗanda wa'adinsu ya cika kuwa halal ne ga kowa ya yi aiki da su. Ta biyu, a shigar da takardar nema tukuna, sannan a hau mumbari.