Bayani Kan Izinin Kafa Allunan Talla a Ƙananan Hukumomin Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa garin Tambuwal zuwa Jega zai ga yadda allunan talla suka yawaita a bakin titi: na gidajen mai, na makarantu masu zaman kansu, na shagunan magani da na masu sayar da taki da irin shuka. Haka abin yake a Dogon Daji da Sanyinna, da kuma Kebbe da Kuchi, ko da yake a can bai kai haka yawa ba. Da yawa daga cikin masu waɗannan alluna sun ɗauka cewa tun da shagon nasu ne, ba su bukatar izinin kowa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayanin matsayin doka.

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999. Jadawali na Huɗu na kundin, wanda ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kula da tallace-tallacen da ake kafawa a waje da tsara su, a jere ɗaya da kula da shaguna da gidajen abinci. Saboda haka ƙofar farko da mai son kafa allo a Tambuwal ko Kebbe zai ƙwanƙwasa ita ce sakatariyar ƙaramar hukumarsa.

Kafin wannan, Dokar Soja mai lamba 21 ta 1998 ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, inda ta sanya kuɗin izinin allo da na talla a kason ƙananan hukumomi, ta kuma haramta tare hanya domin karɓar haraji. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Ƙaramar Hukumar Uyo da Gwamnatin Jihar Akwa Ibom, ta yanke cewa dokar ba ta da inganci domin ta ɗora kanta bisa kundin tsarin mulki. Wannan hukunci bai taɓa Jadawali na Huɗu ba. Wasu jihohi, kamar Legas a 2006, sun kafa hukuma guda da ke wannan aiki a madadin ƙananan hukumominsu, amma asalin hurumin yana nan inda kundin ya ajiye shi.

Ya kamata a fahimci cewa izinin ƙaramar hukuma ya shafi wurin da za a kafa allon ne da girmansa da tsawon lokacin da zai yi. Abin da aka rubuta a jikinsa kuwa yana da nasa masu kula. Hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ita ce ke tantance tallace-tallace a ƙasa baki ɗaya. Tallar magani, har da na gargajiya da ake ɗurawa a kwalba, tana bukatar amincewar hukumar NAFDAC. A nan muna jan hankalin masu rubuta cewa maganinsu yana warkar da cututtuka barkatai a lokaci guda, domin rasit ɗin ƙaramar hukuma ba zai kare su ba. Har ila yau, Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta hana tallar sigari a kan alluna.

Batun wuri shi ne ya fi jawo asara, don haka za mu ɗan tsaya a kansa. Hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Gwamnatin Tarayya ce, kuma filin da aka ware mata ya kai kimanin mita 45 daga tsakiyar titi ta kowane gefe. Wanda ya haƙa rami ya zuba siminti ya kafa ƙarfe a cikin wannan fili ba tare da sanin Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ba, yana iya wayar gari ya tarar an tumɓuke allon ranar da aka zo aikin hanya, kuma ba shi da bakin neman diyya. Allon da ya kare wa direba gani a kwana ko a mararraba, musamman ranar kasuwa da motoci da babura da amalanke ke cakuɗewa, haɗari ne ga rayuka. Haka nan wanda aka kafa ƙarƙashin wayar lantarki. Ga kuma iskar farkon damina, wadda kowa a wannan yanki ya san yadda take yaye kwanon ɗaki, balle allon da aka ɗora bisa siraran ƙarafa. In ya faɗa kan mutum ko dabba ko rumfar maƙwabci, mai allon za a nema.

Muna ba mai nema shawara ya je sashen kuɗin shiga na ƙaramar hukuma tun kafin ya ba mai walda aiki, ɗauke da rubutacciyar takardar nema, da awon allon, da kwatancen wurin, da zanen abin da za a rubuta. In filin ko bangon na wani ne, ya haɗa da yardar mai shi a rubuce. Yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa dokar ƙaramar hukumar da ta ƙayyade kuɗin, domin ƙaramin allon da tela ya maƙala a ƙofar shagonsa ba ɗaya yake da ƙaton allon kamfanin sadarwa ba. Kada ya ba kowa kuɗi sai da rasit mai hatimin hukuma, kuma ya duba ranar da izinin zai ƙare domin sabuntawa.

Wanda ya riga ya kafa allo ba tare da izini ba yana iya kai kansa sakatariya a daidaita masa takardu. Mai ƙorafi kan kuɗin da aka yanka masa kuma ya rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma, ya haɗa da kwafin rasit ɗinsa.