Guzurin Ɗalibin da ke Binciken Ciwon Daji

Mutane kaɗan ne a Zangonmu suka san cewa a nan Lome aka yi taron farko na ƙungiyar masu binciken ciwon daji ta Afirka, wadda ake kira AORTIC. A watan Yulin 1983 aka yi shi, shekara shida bayan an tashe mu daga tsohon Zango na tsakiyar gari an kawo mu nan Agoe. Su Farfesa Victor Ngu na Kamaru da Dakta Christopher Williams na Najeriya na cikin waɗanda suka assasa ta. Yanzu duk shekara biyu take taro, misali Kigali a 2017, Maputo a 2019, Dakar a 2023. Ɗalibin Jami'ar Lome da ke son halarta, sai ya fara nemo kuɗin jirgi.

'Yar ƙanwata tana digirin digirgir a kan sankarar mama. Aikinta duba ɗan naman da likita ya yanko daga ƙarin, don a gane wane iri ne. Ashe sankarar mama ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda sinadaran jikin mace ke ciyar da ita, ana iya kashe mata hanya da ƙwayar magani kamar tamoxifen. Akwai mai alamar da ake kira HER2, ita ma da nata maganin. Akwai kuma wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin alamomin nan, ta fi saurin yaɗuwa, kuma bincike ya nuna ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da matan Turai. In ba a yi gwajin ba, likita yana ba da magani ne a kan zato. Koyon gwajin kuwa sai da hannu, a gefen wanda ya ƙware, a ɗakin bincike mai kayan aiki.

Da ta ce za ta tafi koyon gwajin na wata guda, na tambaye ta ko intanet ba ta isa ba. Ta ce, "Kawu, a waya ina ganin yadda ake yi. Abin da ba na gani shi ne inda nake kuskure."

Tarihin wannan ilimi ya gaskata ta. Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kampala, ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a 1958. A 1961 ya je Landan ya yi lacca a asibitin Middlesex, kuma cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ya yi zargin ƙwayar cuta ce sanadi. Aka dinga aiko masa da samfuri ta jirgi daga Uganda. A 1964 aka gano ƙwayar, ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Wadda ta yi renon ƙwayoyin a ɗakin binciken ɗalibar digirin digirgir ce, Yvonne Barr, shi ya sa har yau ake cewa ƙwayar Epstein-Barr. Tafiya guda da lacca guda suka haɗa mai ganin marasa lafiya da mai na'ura.

Tallafin tafiya yana nan, sai dai a san ƙofarsa. Ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta UICC da ke Janeba tana ba da kuɗin zuwa koyon wata dabara na kamar wata guda, kuma ta ware wani kaso musamman don ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗanmu da ya yi karatunsa duka da Faransanci, alhali manyan tarukan da Ingilishi ake yin su. Cibiyar IARC ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a birnin Liyon, tana koyar da ƙididdigar ciwon daji lokacin bazara. Ƙungiyar masu binciken ciwon daji ta Amurka, AACR, tana ɗaukar nauyin matasan masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi zuwa taronta na shekara. Abin da ake nema kusan ɗaya ne: taƙaitaccen bayanin binciken, wasiƙar malamin da ke duba aikin, wasiƙar gayyata daga mai masauki, da lissafin kuɗi. Watanni kafin tafiya ake rufe karɓa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da yawa daga masu ba da tallafin sai an dawo suke biya. Ka sayi tikiti, ka biya masauki, ka kawo rasit, sannan a mayar maka. Tsarin ya dace da ɗalibin da jami'arsa ke da asusun ba da rance. Namu kuwa daga aljihun wa? Kuɗin bizar Turai kaɗai yuro 90 ne tun 2024, wato sefa kusan 59,000, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Mafi ƙarancin albashi a Togo sefa 52,500 ne a wata. Ga inshorar tafiya, ga takardar banki da ake so ta nuna kuɗin da ɗalibi bai taɓa riƙewa ba. 'Yar ƙanwata ta ci tallafin, amma saura kaɗan ta mayar da shi saboda ba ta da abin fara kashewa. Kwasar adashen mahaifiyarta ce ta sayi tikitin.

Wannan ya tsaya mini a rai, domin mu 'yan Zango tafiya ce ta kafa mu. Kakanninmu fatake ne, da goro da shanu suka iso gaɓar tekun nan. Kowane baƙo yana da maigidan da zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, a yi lissafi daga baya. Har gobe in mutum zai tafi aikin Hajji, ko yaro zai tafi karatu Kano ko Azhar, unguwa na haɗa masa guzuri ba tare da gardama ba. Amma in aka ce yarinya za ta tafi taron likitoci, sai ka ji ana cewa yawon buɗe ido ne, ko kuma in ta tafi ba za ta dawo ba. Tsoron na biyu yana da dalili, mun ga waɗanda suka tafi suka zauna. Sai dai irin wannan tallafi na mako ɗaya ne zuwa wata ɗaya ko biyu, kuma sharaɗinsa mutum ya koma wurin aikinsa da abin da ya koyo.

Ciwon kuma a gidajenmu yake. Ƙiyasin IARC ya nuna ana samun sababbin masu ciwon daji sama da 5,000 a Togo duk shekara, kuma sankarar mama da ta bakin mahaifa ne kan gaba a mata. Mu da muke zuwa dubiya asibitin Sylvanus Olympio mun san yadda matanmu ke isa can: bayan an gama shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ƙari ya riga ya fashe.

Na kai maganar gaban dattawan masallacinmu. Ban roƙi kyauta ba. Na ce a ware wani abu a matsayin rance marar ruwa ga duk ɗan unguwa da ya nuna takardar cin tallafi, ya biya ranar da aka mayar masa, kuɗin ya jira na gaba. Wani Alhaji mai fataucin shanu ya ƙara sharaɗi guda, kowa ya yi na'am: duk wanda aka ranta wa, in ya dawo, zai zauna da matan Islamiyya ya yi musu bayani da Hausa a kan yadda mace ke duba mamanta da kanta, da kuma lokacin da ya wajaba ta tafi asibiti.