Kalaman Lincoln na Gettysburg a kan Mulkin Jama'a: Ma'anarsu da Matsalar Fassara Su

Kalaman nan na Ingilishi, "government of the people, by the people, for the people", sun shahara har ɗalibai sukan haddace su a matsayin ma'anar dimokuraɗiyya. Wannan maƙala za ta duba abin da suke nufi a muhallin da aka furta su, da kuma abin da kan salwanta idan aka juya su zuwa Hausa.

Shugaban Amurka Abraham Lincoln ne ya furta su ranar 19 ga Nuwamba, 1863, a garin Gettysburg na jihar Pennsylvania, wajen buɗe maƙabartar sojojin da suka mutu a gumurzun da aka yi a can daga 1 zuwa 3 ga Yuli na wannan shekara, ana tsakiyar yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865. Babban mai jawabi, Edward Everett, ya shafe kimanin sa'a biyu yana magana. Lincoln kuwa minti biyu ya yi, da kalmomi wajen 270. Tsarin kalaman ba ƙirƙirarsa ba ne tsintsa, domin Daniel Webster a 1830 da malamin Kirista Theodore Parker a 1850 sun riga shi faɗin makamantansu.

Abin lura na farko shi ne kalmar dimokuraɗiyya ba ta fito a jawabin ba ko sau ɗaya. Ta fuskar nahawu, kalaman yankin suna ne da ke matsayin aikau, kuma aikatau ɗinsa yana biye, inda aka ce irin wannan mulki ba zai gushe daga doron ƙasa ba. Ashe alwashi ne ake ɗora wa rayayyu a gaban kaburbura. Dalilin alwashin kuwa a fili yake. Lincoln ya ci zaɓen 1860 da ƙasa da kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u, amma bisa ƙa'ida, sai jihohin kudu goma sha ɗaya suka ɓalle. A ganinsa, idan waɗanda suka sha kaye a akwati za su iya rushe sakamako da bindiga, to zaɓe ya zama aikin banza. Duk fassarar da ta yanke aikatau ta bar yankin suna shi kaɗai ta zubar da wannan fargaba.

Nauyin ma'anar yana kan ƙananan kalmomi uku, kuma ta farko ta fi wuya. Ana iya fahimtar "of" a matsayin mallaka, wato mulkin na jama'a ne, ana kuma iya fahimtar cewa jama'a su ne waɗanda ake mulka. Hausa tana da irin wannan harshen damo a mahaɗin -n/-r idan ya biyo bayan sunan da ke ɗauke da ma'anar aiki:

(1) mulkin soja
(2) mulkin ƙasa
(3) mulkin jama'a

A misali na (1) soja ne ke yin mulki, a na (2) ƙasa ake mulka, na (3) kuwa yana ɗaukar duka biyun. Saboda haka "mulkin jama'a" ya fi "gwamnatin jama'a" kusa da asali, ko da yake na biyun ya fi yawa a bakin masu fassara. Kalmar "gwamnati" sunan hukuma ce, ba ta da aiki a cikinta, don haka mallaka kaɗai take iya nunawa. Idan aka riƙe fahimta ta biyu, kalaman sukan yi ma'ana mai zurfi: waɗanda ake mulka su ne masu mulkin, su ne kuma masu cin moriyarsa.

Kalma ta biyu, "by", ba ta da takwara guda a Hausa, domin harshen ba ya da tsarin jimlar da ke jingina mai aiki a ƙarshe kamar yadda Ingilishi ke yi. Dole a gina ganga. "Wanda jama'a suka kafa" yana nuna aikin da aka yi sau ɗaya aka gama, alhali "wanda jama'a ke gudanarwa" yana nuna aiki mai ci gaba, kuma shi ya fi dacewa da shugaban da ya yarda a yi zaɓe a 1864 yaƙi bai ƙare ba. "Ta hannun jama'a" ya fi gajarta, amma yana da aibi, domin wanda aka aika saƙo ta hannunsa ɗan aike ne kawai. Ta uku ba ta da wahala, "domin" ta wadatar.

Sai kalmar da aka maimaita sau uku. "Mutane" ta yi faɗi da yawa, "talakawa" ta ware masu sarauta da masu hali, "al'umma" tana da ƙanshin addini ko ƙabila. "Jama'a" ta fi su, kuma tana da wata falala: ana cewa "jama'a ta taru", ana kuma cewa "jama'a sun taru", wato tana ɗaukar taron a dunƙule ko a ɗaiɗaiku. Amma su wane ne jama'ar a 1863? Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu a Amurka. Sai a 1865 tsarin mulki ya haramta bauta, a 1870 ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fata, mata kuwa sai 1920. Parker ya sa kalmar da ke nufin "duka" a gaban jama'a, Lincoln bai sa ba, kuma mai fassarar da ya ƙara "dukkan" ya sa masa magana a baki.

Fassarar da ta fi riƙe asali ita ce: "mulkin jama'a, wanda jama'a ke gudanarwa, domin jama'a, ba zai gushe daga doron ƙasa ba." Gaɓar tsakiya ta fi 'yan'uwanta tsawo, don haka daidaiton gaɓoɓi uku da ya sa kalaman suka zauna a baki ya raunana. Faransanci bai gamu da wannan cikas ba, kuma tsarin mulkin Faransa na 1958 ya ɗauki kalaman da gaɓoɓinsu uku ya sa a sashe na 2.