Shin Ko Kun San? Jirgin Fito Tsakanin Nijeriya da Nijar

Shin ko kun san cewa mutum na iya shiga jirgin ruwa a Yauri ta jihar Kebbi, ya sauka a Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ba tare da ƙafarsa ta taɓa kwalta ba? Kogin Kwara ne ya haɗa garuruwan biyu. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180, ya taso daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya zama iyaka tsakanin Nijar da Benin, sannan ya shigo mana ta wajajen Lolo da Dole Kaina. Mu a nan Kabo da Gwarzo, in an ce ruwa, tunaninmu bai wuce dam ɗin Guzuguzu ko na Challawa da ke Karaye ba. Amma samarinmu masu zuwa ci-rani da fataucin albasa da kifi sun san wancan kogin sarai.

Shin ko kun san cewa fito tsakanin ƙasashen nan ya ci gaba ko lokacin da aka garƙame iyaka? Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, a Nijar, an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ta Benin. Ko da Benin ta buɗe nata gefen a 2024, Nijar ta bar nata a rufe. Sai jama'a suka koma kwale-kwale. Wanda ya taɓa tsayawa a irin wannan mashiga ya san yadda abin yake: a jera buhunan masara a ƙasa, a kwantar da babura a kansu, mata da goyo su zauna a gefe, wani yaro yana tsakiya da yankakkiyar jarka yana kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Bakin jirgin bai fi taƙi ɗaya da ruwa ba. Ke nan fasinja akwai su, kuɗin fito ma ana biya kullum. Abin da babu shi ne jirgi na ƙarfe mai rajista, mai lokacin tashi, mai iyakar yawan mutane.

Shin ko kun san cewa Kwara yana cika sau biyu a shekara a wannan yanki? Cikar farko ta ruwan daminarmu ce, daga Agusta zuwa Oktoba. Ta biyu ita ce abin mamaki: ruwan da aka yi a Gini yakan bazu a fadamun Mali, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, ba ya isowa Yamai da Gaya sai cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu. Muna nan muna jin ɗumin wuta, can kogi ya tumbatsa. Daga Afrilu zuwa Yuni kuwa sai ya janye, yashi da duwatsu su bayyana. A ganina nan ne gizo ke saƙar. Duk mai son zuba jari a babban jirgi dole ya yi lissafin watannin da zai ɗaure shi a gaɓa, ko kuma ya sayi marar zurfin ciki wanda ɗan ruwa kaɗan ke ɗauka. Haka ake yi a Mali, inda manyan jiragen fasinja ke zirga-zirga daga Kulikoro zuwa Gawo a lokacin cikar kogi kawai.

Shin ko kun san cewa madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, an gina ta ne da ƙofar wucewar jirage? Hanyar Yauri zuwa Gaya ma ba ta bukatar wannan ƙofa, domin duk tana sama da madatsar.

Shin ko kun san cewa jirgin ruwa ne ya share wa jirgin ƙasa hanyar zuwa Kano? A Baro, bakin Kwara, ake sauke ƙarafan dogo, daga nan aka shimfiɗo shi har ya iso Kano a 1911. An sake gina tashar Baro, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe ta a Janairun 2019, amma ba ta samu cinikin da aka sa rai ba. Wannan abin dubawa ne, don yanke ƙyalle ba shi ke kawo jirgi ba. Sai an yashe kogi, an yi titin da zai kai kaya bakin ruwa.

Shin ko kun san cewa hukumomin da za su yi wannan aiki sun daɗe da zama? Hukumar raya kogin Kwara mai ƙasashe 9 tana Yamai, asalinta tun 1964. A shekarar ce kuma Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar Tafkin Cadi. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida tana Lokoja tun 1997. Ta ɓangaren tafkin, hanyar Baga zuwa Baga Sola ta Cadi tsohuwar hanyar kifi da shanu da kanwa ce, sai dai tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya ƙanƙance ƙwarai, ciyayi sun toshe mashigai, rikicin Boko Haram kuma ya kori 'yan fito. Shi ya sa nake ganin hanyar Kebbi ta fi kusa da yiwuwa, in gwamnatocin Abuja da Yamai suka zauna, ko da yake Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Shin ko kun san cewa maganar nan ta zo har ƙofar gidanmu? Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi. Watanni shida kafin nan, a Mayun 2021, wani ya nutse kusa da Wara a Kebbi da mutane sama da 100. Lodi fiye da kima, tsohon katako, tafiyar dare da rashin rigar ruwa, su ne ke maimaituwa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Don haka ɗan'uwa mai shirin tafiya Yauri ko Gaya bana, kada ka shiga jirgin da ka ga ya danƙare, kada ka yarda da fiton dare, kuma ka nemi rigar ruwa kafin ka miƙa kuɗinka.