Gautan kura: ɗan'uwan gauta mai ƙaya da guba

Duk wanda ya saba bin hanyar gona ko burtali a ƙasar Hausa ya san gautan kura, ko da bai taɓa tsayawa ya ƙare masa kallo ba. Yana fitowa a bakin hanya, a kufai, a saura, da wuraren da dabbobi suka cinye ciyawa har ƙasa ta fito fili. Manomi ya sare shi ya yar, makiyayi ya kora garkensa gaba, iyaye kuma su hana yara taɓa 'ya'yansa. Sai dai wannan tsiro da aka raina gidansu ɗaya da gautan da muke ci, da tumatir, da dankalin turawa. A wannan gida abinci da guba suna kama da juna ƙwarai, shi ya sa sanin wane ne wane a cikinsu ya shafi mai gona da mai kiwo da uwar gida, ba masana tsirrai kawai ba.

Yadda ake gane shi

Gautan kura ƙaramin tsiro ne mai rassa, tsawonsa ba kasafai yake wuce mita ɗaya da rabi ba. Ganyensa mai kauri ne, bakinsa a lanƙwashe, launinsa kore mai toka-toka saboda gashi mai laushi da ya rufe shi. Idan aka duba gashin nan da gilashin ƙara girma, za a ga kowane ɗaya ya rarrabu daga tsakiya, yana da siffar tauraro. Wannan gashi na rage zafin rana da ke dukan ganye, yana kuma rage ruwan da ke fita daga jikinsa. Yana cikin dalilan da suka sa tsiron ke jure busasshiyar ƙasa inda wasu tuni suka yi yaushi.

Ƙaya na fitowa a kara, da jijiyar tsakiyar ganye, har da ƙoƙon da ke riƙe da fure. Amma ƙayarsa ba irin ta aduwa ba ce. Ta aduwa reshe ne da ya rikiɗe ya yi tsini, saboda haka a haɗe take da itacen ciki. Ta gautan kura kuwa daga fatar tsiron take tsirowa, in ka tura ta gefe da ɗan yatsa sai ta ɓalle ba tare da ta tsaga karan ba.

Furensa launin shunayya ne mai haske, da kunnuwa biyar, a tsakiya kuma akwai 'yan sanduna biyar rawaya da suka haɗa kai wuri ɗaya. A cikinsu garin fure yake, kuma ba ya fita sai ta wata 'yar ƙaramar ƙofa a ƙarshen kowane sanda. Ƙudan zuma da muka sani bai iya fitar da shi ba. Wasu 'yan'uwansa ne ke aikin, irin babban baƙin nan mai huda itace ya yi gida a ciki. Zai kama furen ya girgiza jikinsa da ƙarfi, garin ya zubo masa kamar mai kaɗe buhun gari, sannan ya tashi da shi zuwa wani furen. A kowane gungu, furen da ke gindi ne yawanci ke iya ɗaukar ɗa, sauran aikinsu ba da gari kawai. Saboda haka ake ganin 'ya'yan ɗai-ɗai a jikin reshe. Ɗansa kewayayye ne, faɗinsa kimanin santimita uku, yana ɗanye kore ne mai zane-zanen fari, in ya nuna ya koma rawaya, cikinsa cike da iri.

Matsayinsa a cikin dangi

Masana na jera tsirrai hawa-hawa: dangi, sai gida, sai jinsi. Abin da suka fi dubawa shi ne ginin fure da na ɗa, a yanzu kuma har da ƙwayoyin gado. Gautan kura na cikin dangin Solanaceae, mai jinsi kusan 2,700. A nan barkono da tattasai da attaruhu suke, a nan taba take, a nan kuma zaƙami yake, wanda kowa ya san illarsa. Gida mafi girma a dangin shi ne Solanum, mai jinsi sama da 1,200. Daga cikinsu sama da 450 na reshen masu ƙaya ne, wanda ake kira Leptostemonum, alamarsu kuwa gashi mai siffar tauraro da sandunan fure masu tsini.

Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa wa gautan kura sunan Solanum incanum a littafinsa Species Plantarum na 1753. A nan gida, likita J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya ajiye gautan kura a ƙarƙashin wannan suna.

Bayan Linnaeus aka shiga ruɗani. Tsirran wannan reshe na sauya kama gwargwadon inda suka fito: wani ƙaya birjik, wani 'yar kaɗan, wani faffaɗan ganye, wani siriri. Wasu masana suka dinga ba kowace kama sabon suna har sunaye suka yi yawa, wasu kuma suka tattara duk mai rawayan ɗa da ƙaya, daga Afirka ta Kudu har Indiya, suka ce duk incanum ne. A 1991 Richard Lester na Jami'ar Birmingham da abokin aikinsa Hasan suka kasa su rukuni-rukuni da haruffa. A 2013 Sandra Knapp da Maria Vorontsova da Jaime Prohens suka sake bin samfuran da aka adana, suka ba kowane rukuni sunansa. Wanda ya cika makiyayan Kenya da Tanzaniya ya zama Solanum campylacanthum, na kudancin Afirka Solanum lichtensteinii. Sunan incanum ya tsaya a kan na busassun ƙasashe, daga yankinmu na Sahel zuwa Sudan da ƙasashen Larabawa har Pakistan.

Wannan gyara ya warware wata tsohuwar magana. An daɗe ana cewa gautan kura ne kakan gautan Asiya, babban nan mai launin shunayya da ake gani a manyan kasuwanni. Yanzu an gane cewa kakansa wani ne daban, Solanum insanum na Asiya, gautan kura kuwa ɗan'uwa ne na kusa. Gautan da muke nomawa, Solanum aethiopicum, shi ma ba daga gautan kura ya fito ba, kakansa Solanum anguivi ne, wani tsiron dajin Afirka mai ƙananan jajayen 'ya'ya.

To, ina ƙayar gautan gona ta tafi? Manoman da ne suka kawar da ita, ta hanyar ajiye irin wanda bai soke su ba shekara bayan shekara. A 2024 tawagar Zachary Lippman ta cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor a Amurka ta wallafa a mujallar Science cewa lalacewar ƙwayar gado guda ce ke hana ƙaya fitowa. Abin mamaki, a gautan Afirka da na Asiya wannan ƙwayar ce ta lalace, kowanne ta hanyarsa, alhali manoman nahiyoyin biyu ba su san da juna ba.

Guba da amfani

Ɗacin gautan kura gargaɗi ne. 'Ya'yansa, musamman ɗanye, na ɗauke da sinadaran solasonin da solamajin. Tunkiya ko akuyar da ta ci da yawa na iya kamuwa da dalalar miyau, kumburin ciki, zawo da tangaɗi, wani lokaci har ta mutu. Yaro ma bai tsira ba. Gaskiya ne masu maganin gargajiya a sassa da dama na Afirka na amfani da shi kan cututtukan fata da ciwon haƙori, masu bincike kuma na gwada sinadaransa a ɗakin gwaji. Amma ƙarfin gubar na bambanta daga wannan tsiro zuwa wancan, ba wanda zai iya auna ta da ido.

Ƙaya kuwa ba ita ke nuna guba ba. Hausawan Gana sun san Solanum torvum, wanda asalinsa yankin tsakiyar nahiyar Amurka ne, ya bazu a ƙasashe masu damshi. Ƙaya gare shi, amma furensa fari ne, 'ya'yansa ƙanana a gungu, kuma a can ana zuba su a miya. Wanda ya saba da shi, ya zo arewa ya ɗauka duk mai ƙaya ɗaya ne, ya jawo wa gidansa masifa. Kama da wane ba ta wane.

Babban amfanin gautan kura yana cikin irinsa. Yana barbara da gautan Asiya a sami ɗa, kuma masu bincike a Valencia ta ƙasar Sifen sun yi hakan, suna neman shigar da halayensa na daji, irin juriyar fari, cikin gautan noma. Ga yanki irin namu, inda damina ke yawan yankewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka a koya wa yara gane shi da furensa da ɗansa, a nesanta dabbobi da shi lokacin da kiwo ya yi ƙaranci, kar kuma a sha shi da sunan magani. Idan yaro ya ci, a garzaya da shi asibiti, a tafi da reshen tsiron mai ganye da ɗa domin likita ya san abin da aka ci.